Jawabi ga 'Yan Zamfara Mazauna Manchester kan Kuɗin Ajiyar Haya

Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa na Gusau da Tsafe da Bungudu, sannunku da sanyi.

Kun dai ji abin da ya sami ɗanmu a watan jiya. Ya tashi daga gidan haya, mai gida ya riƙe kuɗin ajiyarsa kaf, wai an ƙona kafet, bango ya yi baƙi. Muka ce ina takarda? Babu. Hoto fa? Babu. Yaron da ke kwana tsaye a gidan kula da tsofaffi, yana aika kuɗi ga iyayensa da 'yan bindiga suka koro daga ƙauye, su ma haya suke biya a Gusau!

A can gida, a Tudun Wada, dillali zai kai ka, ka biya na shekara, ka ba shi la'adarsa, in rigima ta taso a tafi wurin mai unguwa. Ingila ba mai unguwa. Dokar 2019 ta hana karɓar ajiyar da ta wuce hayar mako biyar, muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma wa ya kai can a cikinmu? Tun 2007 wajibi ne mai gida ya yi wa kuɗin rajista da ɗaya daga cikin kamfanoni uku da gwamnati ta amince da su. Wa'adinsa yanzu kwana 30 ne, kuma sai ya ba ka shaida. In ya ƙi, kotu na iya sa shi biyan ka har ninki uku.

Sai dai ku saurara. Wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan, suna haɗa kicin da bayi, wannan kariyar ba ta shafe shi ba. Nan ne muke cutar junanmu. Ɗan gari ya ba ka ɗaki, kunya ta hana ka neman rasit. Wace irin kunya? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, rubuta bashi take umarta.

Mu ma da namu laifin. Hajiyoyi, ku yi haƙuri, garwashin turaren wuta da kafet ba sa shiri. Ruwan buta yana ratsa daɓen katako ya sauka kan na ƙasa. Mukan toshe tagogi saboda sanyi har bango ya yi fumfuna.

Ba a san mu da gudu da kuɗin haya ba a garin nan, ina kuma alfahari da haka. To, daga yau duk baƙon da ya sauka, kada ya sa hannu sai ɗayanmu ya karanta masa takardar. Ranar da ya karɓi makulli, a raka shi a ɗauki hoton kowane lungu. Masu iya wannan aiki su ba sakatare sunayensu kafin a kawo tuwo.