Lafiyar Ƙwaƙwalwar 'Yan Kwana-kwana da Masu Agajin Gaggawa

 

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai ta kife a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. An yi jana'iza, an yi ta'aziyya. To, amma waɗanda suka kwana suna kwasar gawarwakin da ba a iya shaida fuskokinsu, wa ya bi su gida ya ga yadda suka ƙare? A kansu nake son yin magana yau.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa ba sai masifa ta faɗa wa mutum kai tsaye take yi masa rauni a zuci ba. Wanda aikinsa kullum shi ne ciro yaro daga rijiya ko kududdufi, ko zaro direba daga motar da ta murƙushe, ko jin kururuwar uwa a ƙofar gidan da ke ci da wuta, yakan kwashi rabonsa na firgicin. Wani masani Ba'amurke, Charles Figley, ya fitar da littafi kan wannan a 1995, inda ya kira shi gajiyar tausayi. A 2013 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da yawan cuɗanya da munanan abubuwa a bakin aiki, kamar tattara gawarwaki, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon firgici na bayan masifa.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Barci ya ƙaurace, in ya zo kuma sai munanan mafarkai. Ƙaurin nama a wurin mai tsire ya mayar da mutum wurin gobara. Magidancin da aka sani da fara'a ya koma mai saurin fushi, ya daina zaman majalisa, yara su riƙa gudunsa. Wani ya nemi sauƙi a ƙwaya. A Amurka, ƙididdigar da gidauniyar Ruderman ta fitar ta nuna cewa a 2017 'yan kwana-kwana 103 ne suka kashe kansu, alhali 93 ne suka mutu a bakin aiki.

Mu a nan, abu biyu ke rufe bakin jami'inmu. Na farko, an raine shi kan cewa namiji ba ya kuka. Na biyu, yana tsoron a ce ya taɓu, a fara yi masa zancen asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Sai mu ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma wanda ya ƙone a hannu ma ƙaddara ce ta same shi, kuma ba mu hana shi zuwa asibiti.

Saboda haka ina kira ga hukumomin kashe gobara, da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA), da hukumar kiyaye haɗurra, su mayar da wannan wani ɓangare na aiki. Bayan kowane babban haɗari a ba jami'ai hutu. A horar da wasu daga cikinsu su zama masu sauraron 'yan'uwansu cikin sirri. A buɗe musu hanyar ganin likita a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Kware da Maiduguri ba tare da hakan ya taɓa ƙarin girmansu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa mai irin wannan lalura wariya.

Ku kuma iyalai da limamai da abokai, in kun ga jami'inku ya sauya, ku zauna da shi, ku saurare shi, ku raka shi wurin likita. Allah Ya kiyaye mana su.