Lebura ma ɗan wani ne

Kun tuna benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a 2021? Sama da mutum 40 suka rasu. Amma ni wallahi wanda ba ya shiga labarai ya fi damuna: yaro ya zo cirani, ranar farko a ɗora masa kwanon kankare, ya hau bene da silifas, ba hular kwano. In ya faɗo, sai a ce ƙaddara.

Haba ɗan kwangila! Minti goma da safe, tara su ka nuna musu yadda ake kafa tsani, da inda wayar lantarki ta bi, kar mai ɗauke da rodi ya taɓa ta. Me zai rage maka?