Agogon Joel da Ragamar Mai Gadi

 

Da aka kafe sanarwar laccar nan, wani dattijo da nake jin nauyinsa ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, duk tarihin Adar da Farfesa Djibo Hamani ya tono, ba ka sami abin faɗa ba sai wasan yara?" Na ce, "Baba, ka zo ka ji, in na ɓata maka lokaci, shayin dare a wuyana." Ga shi can na hango shi, Allah ya saka da alheri.

Sunan wasan The Last of Us. Kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar da shi a watan Yuni na 2013 a kan PlayStation 3, wadda yaranmu ke ce wa "Play" kawai. A ɗakunan wasan garin Tawa ba ku cika ganinsa ba, can ƙwallo ake bugawa, ana ihu kamar a filin kokawa. Ni a hannun ɗan ƙanwata na gan shi, lokacin da ya dawo daga Abijan da na'urar naɗe cikin zane a ƙasan jaka. Na zauna don in yi masa faɗan ɓata dare, sai ga ni ina tambayarsa yaushe wuta za ta dawo mu ci gaba.

Ga labarin. Wani magini ne mai suna Joel, a jihar Tekzas, yana zaune da 'yarsa tilo, Sarah. Daren zagayowar ranar haihuwarsa ta ba shi kyautar agogon hannu. A daren nan annoba ta ɓarke: wani funfuna da masana ke kira kodisef, wanda da gaske akwai shi, yana shiga jikin tururuwa ya juya ta yadda ya so, sai masu wasan suka ƙaddara ya tsallako kan mutane yana haukata su. Joel ya sungumi 'yarsa suna gudu. Sun tsere wa masu cutar, sai suka ci karo da soja a bakin gari, aka ba shi umarni ta rediyo, ya buɗe wuta. Yarinyar ta cika a hannun ubanta. Daga nan sai allo ya yi baƙi, aka ce shekara 20 ta wuce.

Ku lura da abin da aka tsallake. Ba a nuna mana wanka ba, ba likkafani, ba sallah, ba wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. A wajenmu in yaro ya rasu, kafin uban ya dawo daga maƙabarta unguwa ta cika. Wannan ya ce "ya haƙuri", wancan ya ce "Allah ya sa mai ceto ce". Maƙwabta su aiko da tuwo don kada a hura wuta a gidan. A yi sadakar uku, wasu su yi ta bakwai da ta arba'in. Mutum bai isa ya kaɗaita da gawarsa ba ko da ya so. Joel kuwa ba wanda ya yi masa gaisuwa, domin ranar kowa da tasa gawar. A ganina nan ne duniyarsa ta tashi, ranar da masu gaisuwa suka ƙare. Funfunar sanadi ce kawai.

Bayan shekara 20 mun same shi a Boston, cikin unguwar da soja suka killace, yana fasa-ƙwauri, furfura ta fito, magana ta yi masa tsada. Agogon na hannunsa, gilashi a fashe, ba ya tafiya, bai gyara ba, bai cire ba. Aka ɗora masa aikin raka wata yarinya 'yar shekara 14, Ellie, wadda aka ciza amma cutar ba ta kama ta ba, zuwa wajen wata ƙungiya da ke fatan samo rigakafi daga jikinta. Suka yi ta tafiya wata da watanni, har damina ta wuce a kansu, bai taɓa ambata mata cewa ya haifi 'ya ba. A bakin matar ƙanensa ta ji. Ƙanen ya miƙa masa tsohon hotonsa da Sarah, ya kau da kai ya ce ba ya so.

Wurin nan ne na daina kallon Ba'amurke. Wane ne a zauren nan bai san uban da ba ya kiran sunan ɗan farinsa ba? Kunya muke ce mata, kuma tarbiyya ce. In ɗan farin ya rasu, ana sa ran uban ya zauna kan tabarma fuska a sake, yana amsa gaisuwa, har shi ke ba masu kuka haƙuri. Mace an yanka mata lokaci: in miji ne ya rasu, takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki. Namiji fa? Ranar ta huɗu ya ɗauki hauya ko ya buɗe shago. In ƙwalla ta zubo masa a gaban jama'a, sai a ce ashe wane ba shi da tawakkali.

Adar ta san tashin duniya, ba sai an nuna mata a allo ba. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Farin 1973 ya cinye dabbobin arewa, kuma yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya kafa da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Yunwar 1984 ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, shi ya sa mutane da yawa ke ce mata El-Buhari. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun ga makiyaya daga wajajen Abalak da Cintabaradan sun gangaro suna kafa 'yan bukkoki a gefen gari, mutanen da shekara biyu kafin nan ba su san adadin raƙumansu ba sai sun ƙirga.

Ɗaya daga cikinsu ya zama mai gadi a layinmu. Dogo ne, rawani har hanci, kullum yana gaban 'yar butar shayi. A jikin ƙusa, saman inda yake kwanciya, akwai ragamar raƙumi ta fata, ta bushe ta yi baƙi. Ba shi da raƙumi, ba shi da ko akuya. Duk sati sai ya sauko da ita, ya shafa mata mai da ɗan tsumma, ya mayar. Mu yara muna yi masa dariya. Wata rana ƙanena ya ɗauko ta yana wasan doki, mutumin da bai taɓa ɗaga mana murya ba ya yi tsawar da har uwayenmu suka leƙo. Sai da na girma mahaifiyata ta faɗa mini ɗansa na fari ne ya saƙa ta, kuma a hanyar gangarowa yaron ya rasu. Shekara goma sha muna tare da mutumin nan, ban taɓa jin sunan yaron a bakinsa ba. Da na ga agogon Joel, ragamar nan na gani.

To amma mai gadinmu bai kashe kowa ba, Joel kuwa ya kashe. Da suka isa asibitin ƙungiyar a birnin Salt Lake, likitoci suka ce ba a samun rigakafin sai an buɗe ƙwaƙwalwar yarinyar, wato sai ta mutu. Joel ya ɗauki bindiga ya bi hawa-hawa, ya kashe masu tsaro, ya kashe likitan fiɗa, ya fito da ita a sume, rungume kamar yadda ya rungumi Sarah. Da ta farfaɗo ya shirga mata ƙarya, ya ce an gwada an kasa. Ta nemi ya rantse, ya rantse.

Nan wasa ya fi fim cizo. An mai da labarin fim mai dogon zango a 2023, amma mai kallon fim yana iya naɗe hannu ya ce Allah wadai. A wasa manet, wato abin sarrafa wasan, na hannunka. Ba a ba ka zaɓi ba: in ba ka danna ba, labari ba ya gaba. Na ga ɗan ƙanwata ya tsaya a ɗakin fiɗar nan, likita na gabansa riƙe da wuƙar aiki, ya ajiye manet a gwiwa ya dube ni ya ce, "Kawu, ba wata hanya?" Babu. Ya danna.

Ra'ayina, kuma ba zan ɓoye ba, Joel bai kyauta ba. Bai tambayi yarinyar abin da take so ba, likitocin ma ba su tambaye ta ba, kowa ya yanke mata hukunci tana kwance. Abin da ya ceta a asibitin nan kansa ne, don ba zai iya binne 'ya sau biyu ba alhali ta farkon ma bai gama binne ta ba. Kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2020, ya nuna likitan nan ma yana da 'ya, ta girma da nata mikin, ta biyo sawu ta kashe Joel.

Wannan ne ke hana ni barci in na tuna Tiliya. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyukan Intazayan da Bakorat da Wistan na yankin, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, aka yi makokin ƙasa na kwana uku. Kwana ukun ya wuce. Yaran da suka ɓuya suka ga abin da aka yi wa iyayensu yanzu sun zama samari. A ƙauyen da kowane gida ke da gawa, wa zai je gaisuwar wa? Buhun hatsi da tanti sun isa ga wasu, Allah ya saka wa waɗanda suka kai. Ban dai ji muna tambayar wa ya zauna da su ya bar su su kira sunayen ba.

A wasan akwai wani mutum da ya bi wata hanya, Tommy ƙanen Joel. Shi ya shiga cikin jama'a, suka tada tsohuwar madatsar ruwa suka samu lantarki, suka kafa gari. Mun ga irin wannan a Keita daga 1984, da aikin farfaɗo da ƙasa ya soma da kuɗin Italiya da hannun FAO. Mata ne suka fi yawa a fagen, don maza sun tafi ci-rani. Suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan fako, ana biyansu da abinci. Ba na cewa jera dutse na warkar da mutuwar ɗa. Sai dai wadda ke jerawa tana da ta kusa da ita da ta san sunan yaron, kuma in hawaye ya zo, ana iya cewa ƙura ce.

Dab da ƙarshen tafiyarsu, Joel da Ellie sun ci karo da garken raƙuman dawa suna kiwo a tsakiyar kangon birni. Masu wasa a ƙasashen Turai suna ta mamakin wurin, mu da ke da na Kure sai mu ce sannunku da ƙauyanci. Jim kaɗan bayan nan Ellie ta zaro hoton nan da ya ƙi karɓa, ashe ta sato shi, ta miƙa masa. Wannan karon ya karɓa.

Mai gadinmu ya rasu ina makaranta a Yamai. Da na dawo hutu na leƙa rumfarsa, ƙusar na nan, ragamar babu. Na tambayi mutanen layi, ba wanda ya san wa ya ɗauka, kuma duk cikinsu ba wanda ya iya faɗa mini sunan yaron.

Shugaban zama, na ga kana duban agogo. Baba, shayin yana wuyana ko na tsira?