Yadda Tsargiya Ke Yaɗuwa Ta Ruwan Tafki

Tsargiya cuta ce da ƙananan tsutsotsi ke haddasawa, kuma mafarinta ruwa ne mai kwanciya, irin kududdufan damina a Darna Sabon Gari ko tafkin Kalmalo. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwan, ƙwayayen tsutsar kan ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi. Bayan makonni 4 zuwa 6 sai dubban tsutsotsi su fito, su huda fatar yaron da ke wanka, ko matar da ke wanki. Abin tausayi, wasu iyaye kan ɗauki fitsarin jinin da cutar ke haddasawa a matsayin alamar balaga. Shanun da ake korowa kasuwar Illela suna da nasu nau'in, wanda kashinsu ke yaɗawa a mashaya. Maganin mutum shi ne Praziquantel.