Ciwon da ke Saura Bayan Fiɗar Ƙashin Gaban Kafaɗa

A ƙasar Karaye da Rogo kafaɗa jari ce. Da ita manomi ke saɓa garma, da ita ɗan garuwa ke ɗaukar ruwa. Ƙashin nan siriri da ya haɗa ƙirji da kafaɗa kuwa yana cikin waɗanda suka fi karyewa in mutum ya faɗo daga babur.

Galibin irin wannan karaya takan haɗe ba tare da fiɗa ba cikin mako 6 zuwa 12, in an rataye hannu a majanyi. Amma in ƙashin ya goce ƙwarai, ko ya huda fata, sai a kai mutum Kano, alal misali Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe a 1959, a ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi.

To, wani ƙashinsa ya haɗe sarai, amma ciwo ya ƙi tafiya. Dalili kuwa, akwai 'yan jijiyoyi masu kai saƙon ji da suka sauko daga wuya suka gitta ta kan ƙashin, daidai inda wuƙar likita ke bi. In ɗaya ta yanke, fatar da ke ƙasan tabon sai ta mutu. Wani lokaci kuma bakin jijiyar ya yi ƙulli, har gogar riga ta zama kamar garwashi. Sa'an nan ƙarfen kansa ba shi da tsokar da za ta lulluɓe shi, fata ce kurum, saboda haka duk abin da aka saɓa a kansa yake sauka. Har wa yau akwai wanda ƙashin nasa bai haɗe ba, ko ƙwayar cuta ta ɓuya a gindin kusa.

Tun 2022 jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya lasafta ciwon da ya wuce wata 3 bayan fiɗa a matsayin cuta mai zaman kanta. Lalle ne shugaban ofis ya san haka kafin ya kira masinjansa malalaci. Abin takaici, nisan Kano da kuɗin mota kan tura mai ciwo kantin magani ya sayi tiramadol, wanda ke kama mutum ya kasa bari, alhali bai taɓa tushen ciwon ba. Hoton ƙashi da gwajin jini su ke nuna ko ƙashin ne bai haɗe ba ko ƙwayar cuta ce. Ciwon jijiya yana da nasa magani dabam, ƙarfen kuma ana iya cire shi, galibi bayan shekara guda, in ƙashin ya yi ƙwari.