Fotash: Abincin Shuka da ke Cikin Tokar Murhu



Yau maganarmu a kan harafi ɗaya ce. In kun duba buhun takin kamfa za ku ga an rubuta N.P.K. 15-15-15. To, K ɗin nan na ƙarshe shi ne fotash. A buhu mai kilo 50, kilo 7 da rabi nasa ne.

Asalinsa wani ƙarfe ne da ake kira fotasiyam, ƙarfen ban mamaki kuwa: wuƙa na yanka shi kamar sabulu, bai kai ruwa nauyi ba, in an jefa shi a ruwa sai ya kama da wuta. Shi ya sa ba a samunsa shi kaɗai, sai a haɗe da wani abu. Wani mutumin Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware shi a 1807, daga gishirin toka. Toka fa, irin wadda matanmu ke tacewa su yi sabulu.

Mene ne aikinsa a gona? Shi ke ƙarfafa kara, ya taimaki shuka ta jure fari da cuta, ya cika ƙwaya. Masu shinkafa a fadamar Kalgo, ku saurara da kyau. In kun zuba yuriya da yawa babu fotash, shinkafa za ta yi kore shar, ta yi tsawo, ranar da iska ta taso kuma ta kwanta cikin ruwa. Masu albasa, shi ke taimakon albasa ta yi ƙwari ta daɗe a ajiye.

Alamar rashinsa a tsofaffin ganye na ƙasa take farawa. Gefen ganyen ya yi rawaya, sannan ya bushe kamar an babbake shi, tsakiyar kuwa tana nan kore. An fi ganin haka a jigawa, inda ruwan sama ke wanke shi.

Fotash na buhu daga ƙasashen waje yake zuwa, irin su Kanada da Rasha, kuma kun ga yadda taki ya yi tsada a 2022. Amma ga abin lura: yawancin fotash da shinkafa ko dawa ta sha, a kara yake zama, kaɗan ne ke shiga ƙwaya. Wanda ya kwashe kara kaf ya sayar, fotash ɗin gonarsa ya sayar. Ku shimfiɗa karan shinkafa a turken dabbobi ya sha fitsari, domin a fitsarin fotash ya fi yawa, sannan ku kai gona. Tokar murhu kuma a tara ta inda ruwa ba ya taɓa ta, a barbaɗa sama-sama lokacin sharar gona, a juya da ƙasa don kada iska ta kwashe.

Kada wani ya ce maka kanwa ita ce fotash, ka kai ta gona. Gishirin da ke cikinta daban ne, ɓata ƙasa yake yi. Kuma kada a gauraya toka da yuriya, ƙarfin yuriyar sai ya bi iska. A sa toka tukuna, a bar kamar mako 2, sannan a binne yuriya.