Crystal Eastman, matar da ta ƙidaya mamatan masana'antu



Kowane ɗan kasuwa ya san bashin da ba a rubuta ba yana da wuyar karɓa. Da irin wannan tunani ne wata lauya ƴar Amurka, Crystal Eastman, ta soma gwagwarmayarta fiye da shekaru ɗari da suka wuce.

An haife ta a 1881, uwa da uba duk limaman coci ne. Ta gama karatun shari'a a Niyu Yok a 1907, aka ɗauke ta aikin bincike a Pittsburgh, birnin narka ƙarfe. Can ta bi takardun ofishin binciken gawa ɗaya bayan ɗaya, tana neman sanin wa ya mutu, me ya kashe shi, nawa aka ba iyalinsa. Daga Yuli 1906 zuwa Yuni 1907, mutum 526 suka rasu a bakin aiki a gundumar da birnin yake kaɗai: 195 a masana'antun ƙarfe, 125 a aikin jirgin ƙasa, 71 a ramukan haƙar kwal, sauran a ayyuka dabam-dabam.

Masu masana'antu sun saba cewa sakacin ma'aikaci ne ke kashe shi. Ita kuwa ta nuna cewa haɗari da yawa daga yanayin aikin kansa suke tasowa, kuma doka ta buɗe wa mai gida ƙofofi uku na tsira. In laifin abokin aiki ne, babu ruwan mai gida. In mamacin yana da nasa ɗan kuskure, ko ƙanƙani ne, babu diyya. In kuwa ba a samu laifin kowa ba, sai a ce ai da ya karɓi aikin ya san haɗarinsa. Ta wace ƙofa ke nan matar mamaci za ta shiga kotu? Da yawa ba su samu ko anini ba, waɗansu kuɗin jana'iza kurum. Kamfani kan sa lalacewar inji cikin lissafin kayansa, amma asarar mutum sai a bar wa marayu.

Littafinta kan haɗarin aiki da doka ya fito a 1910. Tun 1909 gwamnan jihar Niyu Yok ya riga ya sa ta cikin kwamitin duba batun, ita kaɗai mace, kuma da hannunta aka tsara dokar diyya ta 1910: a ayyuka masu haɗari, mai gida ya biya ba sai an tabbatar da laifinsa ba. Ranar 24 ga Maris 1911 babbar kotun jihar ta soke dokar, wai ƙwace dukiyar masu kamfani ce. Kashegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, a Niyu Yok ɗin nan. An kulle ƙofa, mutum 146 suka hallaka, yawancinsu ƴan mata baƙin haure. Sai da aka gyara tsarin mulkin jihar a 1913 kafin sabuwar dokar diyya ta zauna.

Da yaƙi ya ɓarke a Turai a 1914, tambayar da ta yi a Pittsburgh ita ta sake yi: wa ke cin riba, wa ke binne ɗansa? A 1915 tana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar mata masu neman zaman lafiya tare da Jane Addams, ta kuma jagoranci ƙungiyar masu adawa da tara makamai. A 1916 sojojin Amurka da na Meksiko suka gwabza a Carrizal, yaƙi ya zo bakin ƙofa. Ƙungiyarta ta sayi fili a jaridu, ta buga bayanin wani kyaftin ɗin Amurka da ya nuna nasu ne suka takali faɗan. Saƙonnin waya suka yi ta kwarara fadar shugaba Wilson, aka koma teburin sulhu. Wannan ita ce nasararta mafi girma, kuma ba ta daɗe ba, domin a 1917 Amurka ta shiga yaƙin Turai.

Daga nan ta koma kare masu ƙin ɗaukar bindiga da masu faɗin albarkacin bakinsu. Ofishin da ta kafa tare da Roger Baldwin a 1917 shi ya zama ACLU a 1920, ƙungiyar kare ƴancin ɗan ƙasa da ke aiki har yau. Da matan Amurka suka sami ƴancin zaɓe a 1920, ta nace cewa ƙuri'a ba ta isa ba muddin mace ba ta da abin hannunta. A 1923 ta sa hannu wajen rubuta gyaran tsarin mulki na daidaita mata da maza.

Wannan tsayin daka ya ja mata tsada. Ƴar gurguzu ce, ba ta ɓoye ba, sai hukuma ta sa mata ido, masu ba da aiki suka guje ta. Ta yi shekaru tsakanin Landan da Niyu Yok tana rubutun jarida don ciyar da ƴaƴanta biyu. Ciwon ƙoda ya kashe ta a 1928, tana da shekara 47. Sunanta ya shuɗe wajen shekaru hamsin, sai a 1978 wata malamar tarihi, Blanche Wiesen Cook, ta tattara rubuce-rubucenta ta buga.